Kada Ka Ce Musu Lafiya Lau

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a hanyar Tsafe da ta Funtuwa, Ya tsare ka a sama, Ya sauke ka a hannun mutanen kirki. Amin.

Na ba ƙanwarka Hadiza takardar nan, na ce ta cusa ta can ƙasan jakarka, ƙarƙashin yaji da ƙuli-ƙulin da Innarka ta ƙulla maka. Na san halinka, ba za ka kai hannu can ba sai ka sauka ƙasar Larabawa abincinsu ya gundure ka. Da gangan na yi haka. Da a Gusau ka karanta ta, da ba ka shiga mota ba, ni kuma ina so ka shiga.

Ba ni da lafiya, Sanusi. Wata huɗu ke nan kana durƙusawa kowace safiya kana tambayata jiki, ina ce maka da sauƙi, kuma babu sauƙin. Hanta ce. Likitan da Hadiza ta kai ni wurinsa ya so ya yi mini kwana-kwana, na matsa masa, ya ce abin da ya rage sai maganin rage zafi. Babbar rigar nan da ka ga na maƙale mata ko a tsakar gida, har kana tsokanata wai ko sarauta aka yi mini alkawari, kumburin cikina nake ɓoyewa da ita. Aikinka na shekara biyu ne. Ni ban sa ran ganin damina biyu ba, ko ta bana ma in na ga girbinta na gode Allah. Ba na tsammanin za ka dawo ka tarar da ni, kuma wannan abu yana ci mini rai fiye da ciwon.

Tunda ba ni da gona ko doki da zan bar maka, bari in bar maka kurakuraina. Su kam ina da su da yawa. Da na zauna na jera su, sai na ga ashe duk kuskure ɗaya ne nake ta maimaitawa, kalma biyu ce kawai: lafiya lau.

Ka nuna mini irin tseren da za ka je yi wa dawakai shiri a wayarka, na kalla har sau uku. Ba sukuwarmu ba ce ta ƙiftawar ido. Doki zai tashi da sassafe ya yi ta keta rairayi, tafiyar da ta fi daga nan zuwa Funtuwa, yana zagayowa ana tare shi ana kwarara masa ruwan ƙanƙara, likitocin dabbobi su saurari zuciyarsa, su ɗaga leɓensa, su tsunkuli fatarsa, su sa a yi sassarfa da shi su ga ko yana ɗingishi. Kai motocin da ke bin su a baya suka ba ka sha'awa. Ni kuwa likitocin nan nake kallo, domin duk abin da suke yi na san shi tun kafin a haife ka, ba tare da boko ba. Sanin bai hana ni kashe doki ba.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kula da dawakin Alhaji Isa mai hatsi a nan Gusau, kafin in koma ƙauye noma. Cikinsu akwai wani da muke kira Bidi, doki ne mai zuciya, irin wanda ba ya sanin ya gaji. Wata shekara bayan girbi aka shirya sukuwa a Tsafe, muka kai shi tun ana gobe. Da safe na je turke na tarar ya bar rabin dawarsa. Ya yi fitsari a gabana, ja kamar zoɓo. Na tsunkuli fatar wuyansa ta tsaya cak ba ta koma ba. Na kara kunne a cikinsa, shiru, babu ƙugin nan da cikin doki mai lafiya yake yi. Duk na gani, duk na gane.

Ina tsaye sai ga Alhaji ya iso da abokan kasuwarsa na Bungudu, mutum huɗu, an sha manyan riguna, ya kawo su su ga dokinsa.

"Ummaru, yaya Bidi yak kwana?"

"Lahiya lau, Alhaji."

Wallahi ban yi niyyar ƙarya ba. Bakina ne ya amsa da kansa, yadda yake amsawa tun ina yaro. Ka san mu, ba a mayar da gaisuwa da mummunan labari, balle gaban baƙi. Sai an gaisa an sake gaisawa, sannan ka ja mutum gefe ka ce akwai 'yar magana. Na yi ta jiran in sami Alhaji shi kaɗai. Baƙi suka ja shi karin kumallo, daga nan aka wuce fili, aka aiko a ɗaura sirdi. Da hannuna na ɗaura. Na ce a raina gudu ɗaya ne, in ya dawo zan jiƙa masa kanwa.

Bidi ya yi gudun, ya zo na biyu. Na riƙo shi zuwa turke yana rawar jiki, zufar ma ta ɗauke, ya kwanta kafin la'asar bai sake tashi ba. Alhaji ya zo ya dafa kafaɗata ya ce, "Kwananai ya ƙare, Ummaru. Kak ka sa ma ranka damuwa, kai ka yi iyakar yinka." Mutane suka riƙa zuwa suna yi mini jaje kamar ni aka yi wa rashi, ni kuma ina amsawa. Da salla ta zo har riga Alhaji ya ɗinka mini. Ya rasu bai sani ba. Innarka ba ta sani ba. Kai ne mutum na farko da na gaya wa.

Saboda haka ka saurare ni. In mai horar da dawakan can ya zo da safe ya tambaye ka doki, ba gaishe ka yake yi ba. Tambaya ce, amsa yake so. Ka ce masa ya ci kaza ya bar kaza, ya sha bokiti nawa, kashinsa ya bushe ko bai bushe ba, ƙafar gaba ta hagu ta fi ta dama ɗumi. Ka faɗa a gaisuwar farko, a gaban ko wane ne, ko da mai dokin ne da kansa ya zo da baƙinsa. Kafin ka koyi yadda ake cinikin waya da Larabci, ka koyi yadda ake cewa bai ci ba, bai sha ba, yana ɗingishi. In harshen ya gagare ka, ka kamo hannun mutumin ka ɗora a wurin. Za su iya cewa ka cika ƙorafi. Gara su ce haka. Dokin da zai yi yini yana gudu a rairayi, abin da ka ɓoye da safe shi zai kayar da shi da azahar, wataƙila da mutum a kansa.

Na biyu kuma, dabarun da na koya maka. Kana alfahari da su, na ji ka kana ba abokanka labari: yadda ake zagaya gurgun doki har jininsa ya ɗumama ɗingishin ya ɓace, yadda ake murza masa man zafi, yadda ake tauna goro a ba shi ya miƙe kunne kamar ɗan shekara huɗu. Ka zubar da su a filin jirgin Kano, kada ka hau da su.

Da waɗannan dabarun na sayar wa wani mutumin Wanke wani doki danda mai ciwon kofato. Talaka ne, ya tara abin da ya tara don ya sami abin hawa zuwa kasuwanni. Ya tambaye ni ko dokin lafiya yake, ka san amsar da na ba shi. Bayan kwana tara sai ga shi da rana tsaka, a ƙasa, yana janye da dokin da ragama, tun daga Wanke. Na shimfiɗa masa tabarma, na shirya rantsuwa iri-iri. Muka gaisa. Na ce yaya doki, don ban san abin da zan ce ba. Ya dubi dokin tsaye a kan ƙafa uku, ya dube ni, ya ce lahiya lau. Ya sha ruwa, ya ce dama wucewa yake yi ya ce bari ya gaishe ni, ya ja dokinsa ya tafi. Da ya zage ni da na manta da shi tuni. Shekara ashirin da wani abu ke nan, har yau in na ga mutum yana janye da dabba a bakin hanya sai na kawar da kai.

Can inda za ka, ba mutumin Wanke za ka tarar ba. Abokinka Lawali na Furfuri, wanda ya samo maka aikin, ya ce har jinin doki suke ɗiba su auna, kuma goro ma laifi ne a wurinsu. To kai da ba ka rabuwa da goro a aljihu, ka kiyaye. Kada doki ya lashi tafinka bayan ka ci, kada ka ajiye shi kusa da abincinsu. In aka kama, ba wanda zai tsaya jin cewa a garinku haka ake yi. Kai ne baƙo, kai ne ba ka da harshe, a kanka zai ƙare. Kuma in wani babba ya ce ka ba doki wani abu a ɓoye, ko ka yi shiru a kan ciwon da ka gani, ka ce ba ka iya ba. Ka yarda a ɗauke ka wawa.

Tunda na ambaci Lawali, in ka isa ka dubar mini hannunsa na hagu. Duk hotunan da yake turo wa uwarsa, yana jingine da motocin mutane yana dariya, hannun nan yana cikin aljihu. Uwar tana ta nuna wa mata tana murna. Ni kuwa na ga yaron ya rame.

Kuskure na uku a kanka na yi shi, kuma ina neman gafararka. Kana da shekara goma sha biyu goɗiyarmu ta yar da kai a bayan gari, ƙashin kafaɗarka ya karye. Ka yi kwana uku kana ɗebo ruwa da hannu ɗaya, duk wanda ya tambaye ka sai ka ce ba komai, har sai da Innarka ta ga ba ka iya sa riga. Ka tuna abin da na yi? Na kai ka wurin mai ɗori, daga nan na wuce majalisa na yi ta baza labari, wai ɗana namiji ne, ƙashi ya karye bai ce uffan ba. Kana tsaye kana ji. Na ga yadda fuskarka ta yi haske. A ranar na gama lalata ka, ina ganin tarbiyya nake yi. Har yau kafaɗar nan a karkace take, kuma har yau ban taɓa jin ka ce wash ba.

Wannan ne yake tsorata ni. Dawakan can ba irin namu ba ne, ƙoshi ya yi musu yawa, za su yar da kai ba sau ɗaya ba. Zafin can kuma an ce namu wasa ne. In ka faɗi, ka ce ka faɗi. In kanka yana juyawa, ka sauka ka zauna, ko da za a yi maka dariya. In an riƙe maka fasfo, ko an hana ka haƙƙinka, ko an kwantar da ku goma a ɗakin mutum uku, ka gaya wa wani a gida yadda abin yake. Hadiza ka gaya wa, ita tana da kai kuma ba ta da saurin kuka. Ba lallai mu iya yi maka komai ba, kusan na tabbata ba za mu iya ba. Amma a san inda kake da halin da kake ciki, kada ka zama hoto a wayar Innarka.

Na huɗun ka san shi, kana nan aka yi, sai dai ba ka san farkonsa ba. Damina biyu kafin abin ya same mu a ƙauye, Kawunka Sule ya zo daga Gusau takanas ya same ni a gona. Ya ce labarin da yake ji game da dajinmu ba shi da daɗi, yana da ɗaki biyu a bayan shagonsa, in kwaso ku mu dawo birni. A lokacin an riga an kwashe shanun ƙauyuka biyu a yammacinmu, mun daina zuwa gonar fadama, mata sun daina zuwa itace. Na dube shi na ce lafiya lau muke, sai alheri, mutane ne da ƙarin gishiri. Girman kai ne kawai. Ban so a ce Ummaru ya bar gidan ubansa ya zo ya raɓe a bayan shagon ƙanen matarsa. Ya sake aiko da saƙo sau biyu, amsar ba ta canza ba.

Ga shi yau a bayan shagon nake rubuta maka wannan. Ɗakin dai shi ne, bai ƙaru ba bai ragu ba. Abin da ya ragu yayanka ne, wanda har yau bakina bai iya kiran sunansa ba. Da hantsi ɓarayin daji suka zo, a kan babura, muna huɗa. Shanun suka kora, suka ce a ba su goɗiya, shi kuma ya ƙi sakin igiyar. Ni na koya masa cewa namiji ba ya sakin igiyar dokinsa. Da na amsa wa Kawunka da gaskiya tun ranar farko, da yanzu yana nan yana tallan wani abu a kasuwa, yana ƙorafin rana, da kuma ba sai ka haye teku don ka ciyar da 'ya'yansa ba.

Don haka ka ji wannan da kyau. Doki ba naka ba ne, ko ka so shi kamar ranka. Ka kula da shi tsakani da Allah, ka faɗi gaskiyar halinsa, amma in ya fizge zai ja ka ƙarƙashin mota ko ya maka ka da ƙarfe, ka saki igiya. Masu shi suna da wasu ɗari. Innarka kai kaɗai ka rage mata namiji.

Ban sani ba ko wannan dogon surutu zai yi amfani. Ina jin tsoron ba zai yi ba. Abin da aka shekara ashirin da bakwai ana ɗura maka, takarda ɗaya ba za ta wanke shi ba. Na san ranar da za ka fara kiran waya, zan ce yaya aiki ka ce lafiya lau, ka ce yaya jiki in ce da sauƙi, mu yi ta jera wa juna har kuɗin wayar ya ƙare. Ko yanzu da na rubuta duk wannan, gobe da safe in ka zo sallama ka tambaye ni jiki, na san abin da zan ce maka. Ban iya wani abu ba. Ƙasar ma duk haka take, kowa ka tambaya lafiya lau, ana ta binne mutane.

Saura magana ɗaya, ita ce dalilin rubutun. Ka buɗe kunnenka.

Wata rana wayarka za ta yi ƙara, ka ga lambar Kawunka Sule ce ko ta limamin unguwa, mutanen da ba su saba kiranka ba. Za su gaishe ka da kyau, su tambayi aiki da zafi. Sannan su ce jikin Baba ya ɗan matsa, yana nemanka, in da hali ka zo. Ka san yadda muke yi wa na nesa, ba a gaya masa a waya, wai kada hankalinsa ya tashi a hanya. Ni ma na yi wa mutane haka ba sau ɗaya ba. To in ka ji wannan magana, Sanusi, ba na nemanka. An riga an dawo daga maƙabarta, tabarmi ake shimfiɗawa a ƙofar shago.

Kada ka nemi tikiti. Kada ka je ka durƙusa wa mai gidanka kana roƙon hutu. In ka baro aikin nan a tsakiya ba za su mayar da kai ba, kuma babu abin da za ka tarar a nan sai tudun ƙasa da bakuna tara masu jiran abinci: Innarka, Hadiza, matarka da 'yarka, matar yayanka da marayunta huɗu. Na roƙi Kawunka ya gaya maka kai tsaye, ya ce to, amma na ga idonsa, ba zai iya ba. Shi ya sa na fassara maka tun yanzu. Ka ce musu ka ji, ka gode. Ka sami gefe ka yi alwala, ka yi mini addu'a, ka yi kukanka in ya zo, kada ka danne shi don ana kallo. In akwai 'yan uwa Musulmi a wurin ka gaya musu ubanka ya rasu, da bakinka, su taya ka. Daga nan ka koma bakin aikinka.

Na yafe maka duniya da lahira, ba ka taɓa saɓa mini ba. Kai ma ka yafe mini, har da wannan da na bari ka tafi ba ka sani ba. Na so in riƙe ka, Allah Ya sani. Sau biyu na kira ka ɗaki don in gaya maka, da ka shigo na ce ka miƙo mini buta.

Innarka tana gaishe ka, ta san komai game da ciwon nan, ni na hana ta magana, kada ka riƙe ta da shi. Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya kare ka daga kofaton doki da zafin rairayi da sharrin mai sharri, Ya ba ka harshen faɗin gaskiya a inda ba a jin harshenka. Allah Ya dawo da kai gida da ƙafafunka, ka tarar da waɗanda za ka tarar. Ni kuma mu haɗu inda ba a rabuwa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Umaru